Sharhi: Kwas ɗin wasannin ban tausayi na tsohuwar Girka ta mahangar Kirista

Kwanan nan na kammala wani kwas na intanet da wata makarantar tauhidi ta ƙasar waje ke bayarwa, a kan wasannin kwaikwayo masu ban tausayi na Girkawan dā. Laccoci ne na bidiyo, da karatun mako-mako, da zaman tattaunawa kai tsaye. Ya cancanci kuɗinsa, amma ina da ƙorafi.

Marubuta 3 ake karantawa: Eskilus, Sofokilis da Yurifidis, mutanen Atina na ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, waɗanda ake nuna wasanninsu a bikin gunkin nan Diyonisus. Malamin bai ɓoye wannan ba. Tun a darasin farko ya kawo Tatuliyan, wani marubucin ikilisiyar farko, wanda ya ce bai kamata Kirista ya je gidan kallo ba, sannan ya kawo Basil, bishop na Kaisariya, wanda a ƙarni na 4 ya shawarci matasa su tsinci abin amfani daga littattafan Helenawa, wato Girkawa, kamar yadda ƙudan zuma ke yi da furanni.

Inda kwas ɗin ya fi ratsa ni shi ne Oresteia, jerin wasanni 3 da Eskilus ya nuna a shekarar 458 kafin haihuwar Almasihu. Sarki Agamemnon ya miƙa 'yarsa hadaya don jiragensa su sami iskar tafiya yaƙi. Da ya dawo, matarsa ta kashe shi. Ɗansu Orestis ya tashi ya kashe uwar. Kowa da hujjarsa, kowa da jini a hannu. Malamin bai yi gaggawar jawo aya ba, ya bar mu muka ji ɗacin abin sosai, har aka kai ga shari'ar Orestis, inda ƙuri'un masu shari'a suka zo kunnen doki, gunkiya Atena ta sa aka sake shi. Sai a nan ya ce mu buɗe Ayyukan Manzanni sura 17. Ashe tudun da aka yi wannan shari'ar shi ne Tudun Arasa, inda Manzo Bulus ya tsaya bayan kusan shekara 500 yana shaida wa mutanen Atina cewa Allah ya tsai da ranar da zai yi wa duniya shari'a da adalci. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Da aka zo kan Antigoni, wasan Sofokilis mai ɗauke da sunan jarumarsa, kuma, haƙurin malamin ya ƙare. Gaskiya ne ƙin bin umarnin Sarki Kiriyon na kada a binne ɗan'uwanta da ta yi, ta yayyafa wa gawarsa ƙasa, yana tuna wa mutum maganar manzanni cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Amma malamin ya nace sai ya mai da ita shahidar ikilisiya. Yarinyar nan fa rataye kanta ta yi a kogon da aka rufe ta, ba ta da begen tashin matattu ko kaɗan. Idan aka share wannan, an rage wa wasan nauyinsa, an kuma rage wa bishara abin da ta zo da shi. Yurifidis kuwa, duk da shi ya fi kowa yawan wasannin da suka iso mana, a gurguje aka wuce shi.

Bidiyoyin suna cin data ƙwarai, kuma ba a ba da damar sauke murya kaɗai ba. Fassarar Turancin da suka zaɓa ma tsohuwa ce mai tsauri. Fasto ko ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki da ke son shiga, ya nemi fassara mai sauƙi, ya karanta kowane wasa da kansa kafin ya kunna laccar.