Ajin rubuta waƙa da na sa 'yata a Memfis, ga yadda na gan shi

Jama'a tunda iyaye da yawa a nan Amurka suna ta tambayata kan ajin nan da yarinyata ta yi bari kawai in faɗa muku sau ɗaya in huta. Aji ne na bayan an tashi makaranta a wata cibiyar unguwa nan Memfis, na yara 'yan aji 6 zuwa 8, wato kamar JSS a gida, ana koya musu rubuta waƙa ta hanyar kaɗe-kaɗen baƙaƙen fatar Amurka. Tawa shekararta 12, irin yaran nan ne da in ka tambaye ta ya makaranta sai ta ɗaga kafaɗa ta shige ɗaki, malamarta ta turanci ce ma ta ce in gwada ko bakinta zai buɗe.

Gaskiya ban so ba da farko, babanta kuwa cewa ya yi shi bai kawo 'ya ƙasar nan don ta zama zabiya ba. Da ƙyar dai.

Abin da ya burge ni shi ne malamin bai fara da jita ko fiyano ba sam, tafi da buga ƙafa ya sa su, ya ja baiti su amsa, ya ce haka bayi suke yi a gonakin auduga, ɗaya ya ɗauko sauran su karɓa don aiki ya tafi daidai. Ina zaune a baya ranar na ce ikon Allah, ai wannan amshi ne, abin da 'yan amshin Shata suke yi kenan, abin da muke yi a dandali da gaɗa. Da ya ɗauko banjo ya ce asalinsa daga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma ne da ake yi da ƙwarya da fata sai na tuna gurmi, na nuna mata hotonsa a waya a mota, ranar ce ta fara yi min tambaya kan gida da kanta ba ni na ja ta ba.

Sai aka zo kan buluz, wani salon waƙar bayyana damuwa na baƙaƙen fatar Amurka (ni da na fara ji na ɗauka sunan wani Bulus ake kira wallahi). Nan ne kuɗina ya fita. Tsarin layi 3 ne kacal, ka faɗi damuwarka a layin farko, ka maimaita ta a na biyu, a na uku ka ba ta amsa ko ka juya ta, duk a cikin ma'auni 12 na kiɗa. Yaron da in ka ba shi farar takarda ka ce rubuta zai zauna yana cizon biro, in ka ce masa layi ɗaya kawai nake so kuma ka maimaita shi, ai ya yi biyu cikin uku tun bai sani ba. Tawa ta rubuta kan bas ɗin makaranta da ta tafi ta bar ta cikin sanyi, layi na uku ta ɗora laifin kan ƙaninta da ya ɓoye mata takalmi, duk aji aka fashe da dariya, ita da ko gaisuwa sai an matsa mata. Daga baya ta rubuta wata kan kakarta da ba ta gani ba tun tana 'yar shekara 5, wannan kam ban iya ji har ƙarshe ba.

Sun kai su gidan tarihin Stax, wani tsohon kamfanin naɗar waƙoƙi, da ke titin McLemore, inda mawaƙa irin su Otis Redding da Isaac Hayes suka yi aiki, an kuma ba su labarin W.C. Handy, wanda ake yi wa laƙabi da uban buluz, da titin Beale da ya yi suna wajen wannan kiɗan. Rap a ƙarshe aka zo kansa, da labarin fatin da DJ Kool Herc ya yi kiɗa a unguwar Bronx ta New York a 1973, wanda ake cewa daga nan salon ya faro, kuma malamin bai yarda da zagi ko batsa ba ko kaɗan, na yaba masa.

Inda ban ji daɗi ba, makon waƙoƙin coci ba wanda ya sanar da mu, kawai ta dawo tana rerawa a kicin. Na fahimta tarihin ba ya cika in babu su, kuma da na yi magana malamin ya ce ba dole ta rera ba ta saurara kawai, amma ai da sun faɗa tun farko. Sannan lokacin sanyi ana tashi bayan magariba ta wuce, ga naɗar waƙoƙin da aka yi a gurguje rana ɗaya, muryarta ma da ƙyar ake ji saboda ganga ta danne.

In yaronku mai kunya ne ku kai shi, amma ku tambayi jadawalin makonnin tukuna. Tawa ta ce za ta koma, wai wannan karon ganga take so ta koya, babanta dai bai sani ba har yanzu.