Wata takwas da wayar da ke buɗewa da fuskata

Sana'ata tuyar cincin da dubulan ce, na biki da na suna, don haka rabin yinina hannuna cikin kwaɓin fulawa yake ko cikin mai. Tsohuwar wayata da ɗan yatsa take buɗewa. Mai saye zai kira ya ce, "Hajiya na tura, duba ki gani," ni kuma sai na nemi tsumma na goge hannu, in dangwala ta ƙi, in sake gogewa da gefen zani. Ranar da na ƙunsa lalle kuwa sai dai mutum ya yi haƙuri har a kwance leda. Wannan ne ya sa da na ɗauki adashi na sayi iPhone 13 ta hannu, saboda abin nan da suke kira Face ID, wato buɗe waya da fuska.

Sai dai sayen bai zo da sauƙi ba. Wadda na fara ɗauka a wani shago a kasuwar waya tsaf take, ko ƙwarzane babu, amma da na zo saita fuska sai ta ƙi. Yaron shagon ya ce, "Anti ai lamba ma ta isa." Na ce masa in lamba nake so da ban baro gida ba. Daga baya wani mai gyara ya yi min bayani cewa na'urar fuskar a ɗaure take da ƙwaƙwalwar wayar tun daga kamfani, in ruwa ya shige ta ko wani ya taɓa ta da gyaran ganganci, ba a ciro ta wata wayar a liƙa kawai ta yi aiki. Duk mai sayen ta hannu ya saita fuskarsa a tsaye a gaban mai shago kafin ya tura ko sisi.

Wadda aka canza min ita ce a hannuna yau. Kamfanin Apple ya fara wannan tsari ne a 2017 da iPhone X, kuma ba hoto kawai wayar ke ɗauka ta kwatanta ba. Wasu ɗigo-ɗigon haske sama da 30,000 da ido ba ya gani take watsawa a fuska, ta auna tudun hanci da kwarmin ido da kumatu. Shi ya sa hoto ba ya yaudarar ta, kuma duhu ba ya hana ta aiki. An sha ɗauke wuta ina madafi da asuba, in leƙa ta a kan tire, ta buɗe.

Abin da ya fi burge ni ɗana ne ya gano min shi, ba da niyyar alheri ba. Shekararsa tara, mayen wasan mota ne. Wata rana bayan azahar na kishingiɗa barci ya ɗauke ni, sai na ji numfashi a kusa da fuskata. Na ɗan buɗe ido ɗaya ta ƙasan gira, ga shi ya riƙe wayar daidai hancina yana juya ta hagu da dama kamar mai haska fitila. Ta ƙi. Da ya ga na motsa sai ya ce, "Umma dan Allah ki kalle ta kaɗan." Ashe ganin fuska kawai bai isa ba, sai ta tabbatar idona a buɗe yake kuma ita nake kallo. Akwai wurin kashe wannan a saiti, an yi shi ne musamman domin makafi da masu larurar ido, amma ni na bar nawa a kunne. Haka kuma in ina karanta doguwar odar wata ba ta dushe haskenta, in ƙararrawa ta kaɗa na dube ta sai ta rage sauti.

Batun niƙabi shi ne tambayar da mata suka fi yi min. Tun 2022 aka ƙara damar buɗewa da takunkumi, daga iPhone 12 zuwa sama, inda take dogara da kewayen ido kawai. Ni da niƙabina tana buɗewa in ban ja shi ya rufe gira ba. In na ɗora baƙin gilashi a kai sai dai lamba. Mai iPhone 11 kada ta wahalar da kanta, ba ta cikin lissafin.

Apple ya ce yiwuwar wani bare ya buɗe da tasa fuskar bai kai ɗaya cikin miliyan ba, amma shi da kansa ya ware tagwaye, da 'yan'uwa masu kama sosai, da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Ƙanwata da ake yawan gaisarwa da sunana a gidan biki ta gwada har sau biyar, wayar ta kulle ta nemi lamba. Gidan da ke da Hassana da Usaina dai gara a riƙe lamba da kyau. Kuma dama ba a rabuwa da lambar: in an kashe wayar an kunna, ko ta yi awa 48 ba a buɗe ba, ita za ta fara tambaya.

Mijina ya so ya hana ni saitawa, wai fuskata za ta tafi Amurka. Bayanin kamfanin shi ne awon fuskar yana zama a wani killataccen sashe cikin wayar, ba a tura shi ko'ina. Ya yi shiru, amma har yau tasa da zane yake buɗe ta, zanen da yaran gidan nan duk suka haddace.