Kamfanin da muka ɗauko ya duba mana ma'aikata kafin odit

Masu fitar da zoɓo da riɗi daga Dawanau, musamman masu kwastoma a Ingila, ga yadda na ga aikin wani kamfanin ba da shawara da muka ɗauka kafin odit ɗin SMETA, wato binciken da masu saye ke nema a yi kan yadda kamfani ke tafiyar da ma'aikatansa. Tun da Ingila ta yi dokar yaƙi da bautar zamani a 2015 duk kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara dole ya fitar da bayanin abin da yake yi a kai, shi ya sa yanzu mai saye ba ya tsayawa kan tsaftar kaya kawai, sai ya tambayi wa ya tsince ta, nawa aka biya shi.

Abin da ya fi burge ni ba fom ɗin da suka cika ba ne. Sun zo da mace mai jin Hausa, ta ja matan da ke tsintar zoɓo gefe ɗaya-ɗaya, ba manaja ba ɗan kwangila a wurin, tana zaune a kan buhu tana hira da su kamar 'yar'uwa. Nan ne aka gano ɗan kwangilar da ke kawo mana su yana ba su bashi kafin kaka, sai ya riƙa cirewa a kuɗin ranar ba tare da rubutu ba, bashin ba ya ƙarewa, wasu ma katin zaɓensu yana aljihunsa wai don kada su gudu. Wallahi jikina ya yi sanyi. Suka nuna mana alamomi 11 na aikin tilas da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta fitar, bashin da ke ɗaure mutum da riƙe masa takardun shaida duk suna ciki, kuma ba su yi mana wa'azi ba, tsari suka ba mu: kowace mace a biya ta hannu da hannu ko ta asusunta, a rubuta awo a gabanta, a maido musu katunansu a ranar.

Inda ban gamsu ba, kuɗinsu da dala suke yanka shi, ƙaramin ɗan kasuwa zai ji a jikinsa, takardun horon ma'aikata kuma duk da turanci, mu muka zauna muka mayar da su Hausa. Sannan binciken a ƙofar sito ya tsaya, alhali zoɓon nan daga gonakin Jigawa yake fitowa, wajen Maigatari da Gumel, can ne ake ɓarar sa da hannu kuma yara na shiga aikin, ba wanda ya taka can.

Zan sake ɗaukarsu, amma wannan karon sai an rubuta ziyarar ƙauye a cikin yarjejeniya kafin in sa hannu.