Makanikin da ya koya mini sa giyar keken tsere a Jos

Keken nawa na gwanjo ne, irin mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, na saye shi bayan babbar Sallah. Ni da na tashi da Raleigh ɗin mahaifinmu mai giya ɗaya tak, wanda in hawa ya fi ƙarfinka sai ka sauka ka tura, sai ga ni da keke mai faranti, wato ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa, biyu a gaba da takwas a baya. Kayan giyarsa Shimano Claris ne. Wata guda cur ina hawansa a giyar da na same shi, don na duba ko'ina ban ga abin canzawa ba. Ashe hannun birkin ne da kansa ake turawa gefe. Wani yaro ne ya nuna mini a Farin Gada, yana ta ƙyaƙyata dariya.

Daga nan na fara ɓarna. Ina canza giya a tsakiyar hawa ina danna feda da iya ƙarfina, sarƙa tana ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Da ta fara tsalle sai na kai wa mai facin unguwarmu, ya ɗauki sukurudireba ya murɗa duk sukurun da idonsa ya gani, ya tsiyaya mata baƙin mai, ya ce ta yi. Washegari a hanyar Bukuru sarƙar ta haura babban farantin baya ta faɗa cikin sifok, wato wayoyin wili. Allah ya kiyaye ba gudu nake ba.

Wani abokin hawa ne ya tura ni wurin dattijon da nake son yin bayaninsa. Rumfa ce ta kwano, ba allo ba suna, kekuna rataye a jikin katako. Da ya kalli sarƙar bai ko amsa gaisuwata da kyau ba.

"Wa ya zuba mata wannan?"

Na ce, "Baba, mai gyara ne."

"Mai ɓatawa dai. Jawo benci ka zauna, ɗana, yau ba ka da sauri."

Bai taɓa sukuru ko ɗaya ba sai da ya tsugunna a bayan keken ya rufe ido ɗaya. Ya kira ni na leƙa: ƙarfen da ke tura sarƙa, wanda suke kira direla, ya karkata ciki, bai yi daidai da farantin da ke samansa ba. Ɗan guntun ƙarfen da ke riƙe da shi a jikin keken ne ya lanƙwashe. Ya ce da gangan ake yinsa da alminiyom mai laushi, don in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, gangar jikin ta tsira. Sai na tuna ranar da iska ta kayar mini da keken a ƙofar masallaci, ta gefen dama. Ya ɗaura wani dogon ƙarfe ya miƙar da shi sannu a hankali yana aunawa da bakin wili. Tun ranar in zan kwantar da keke a hagu nake kwantar da shi.

Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shi ne, bai gyara ya miƙo mini kawai ba. Ya nuna mini ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L, ya ce su katanga ne, ɗaya yana hana sarƙa faɗawa waje, ɗayan yana hana ta shiga sifok, kuma in an saita su an gama, kada hannuna ya sake zuwa wurin. Abin da ya ba ni izinin taɓawa guda ɗaya ne, ɗan mamurɗin da wayar giya ke shiga cikinsa. In sarƙa tana jan ƙafa wajen hawa babban faranti, waya ta saki, a warware shi rubu'in zagaye. In wajen saukowa take nawa, a mayar da shi ciki. Ya kwance saitin da gangan har sau uku ya sa ni na dawo da shi, yana juya feda da hannu, ni kuma ina kasa kunne har ƙarar cakal-cakal ɗin ta ɗauke. A karo na biyu na murɗa zagaye guda cif, ya buge mini hannu kamar ɗan makarantar allo.

Sannan ya sa na ƙirga haƙoran farantan. Na gaba 50 da 34, na baya daga 11 zuwa 32. A 50 da 11, juyin feda ɗaya yana juya taya sau huɗu da rabi, wajen mita tara da rabi ke nan a kan titi. A 34 da 32 kuwa kusan juyi ɗaya ne da ɗaya, mita biyu da 'yan kai, amma da ita za ka hau tudun da a da sai dai ka tura. Dokokinsa ba su da yawa: ka sauke giya tun kafin hawan ya kama ka, ka sassauta ƙafa a daidai lokacin da sarƙa ke tsallakawa, kuma kada ka haɗa babban gaba da babban baya don sarƙar tana tafiya a karkace. Wadda ta fi yi mini amfani ita ce rage giya kafin tsayawa. Wanda ya taɓa tashi daga cunkoson Terminus a babbar giya, 'yan adaidaita suna danna masa oda, ya san abin da nake nufi.

Sarƙar kuwa da kalanzir da tsohon buroshin haƙori ya wanke ta, ya bari ta bushe, ya ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ya goge ta da tsumma har ta zama kamar ba a sa komai ba. Ya ce da hunturu ƙura da mai in suka haɗu takardar goge ƙarfe suke zama. Yana da ɗan ma'aunin da ake zurawa cikin sarƙa, in gefen mai alamar 0.75 ya shige to ta miƙe, a canza ta kafin ta cinye farantai. Tawa ta kusa.

Yanzu ga inda za ka yi haƙuri da shi. Kuɗinsa ya kusa ninka na masu faci, kuma ba a taya masa. Ba ya ajiye kaya sosai, sabuwar sarƙar sai da ya aika Legas, na yi kwana tara ina jira. In ya tafi sallar Azahar kada ka sa ran ganinsa kafin ƙarfe uku. Bakinsa kuma ba shi da linzami, a gabana ya ce wa wani mai babbar mota keken da ya kawo ya fi ƙarfin iliminsa.

Duk da haka wata biyar ke nan ban koma da matsalar giya ba, sai sau ɗaya da na je canza robar birki. Ya ɗaga keken, ya juya feda, ya bi giyoyin takwas sama da ƙasa yana saurare, ya shafa sarƙar ya duba yatsansa.

"Mai ya yi yawa," ya ce, ya jefo mini tsumma.