Samfurin kwanson bairos mai haɗa kansa: abin da yake nunawa da abin da ya bari

Wata uku ke nan da na sayi wani samfurin koyarwa daga hannun wani mai sayar da kayan kimiyya a intanet, kuma tun da na yi amfani da shi a darussan ilimin halittu sau da dama, ina ganin zan iya faɗin ra'ayina a kansa. Kayan ba su da yawa. Gutsattsarin roba ne guda 12, kowanne mai kusurwa biyar, a ɗan lanƙwashe kamar sakaina, an dasa ƙananan maganaɗisu a gefunansa, sai kuma kwalbar roba mai murfi. Ana zuba gutsattsarin a ciki, a rufe, a yi ta girgizawa, kuma idan hannu ya daidaita, cikin minti ɗaya ko biyu sai ƙarar ta sauya, a ga sun dunƙule sun zama ƙwallo guda ba tare da yatsa ya taɓa su ba. Asalin dabarar ta fito ne daga ɗakin binciken Arthur Olson da ke cibiyar Scripps a Kalifoniya, amma wanda na saya kwaikwayo ne na wani kamfani dabam.

Abin da samfurin yake wakilta shi ne kwanson furotin na bairos ɗin shan-inna, wanda faɗinsa bai wuce kimanin nanomita 30 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Wannan ya sauƙaƙa mini gabatar da shi, domin babu ɗalibin da bai san cutar ba a ƙasar da aka ga mai ɗauke da nau'inta na asali na ƙarshe a Borno a 2016, kafin a ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shi a watan Agusta na 2020. Kwanson yana bin tsarin ikosahedron, wato siffa mai fuska 20 masu kusurwa uku-uku, da tsini 12, da gefe 30, kuma kowane gutsure a cikin kwalbar yana zaune ne a kan tsini ɗaya. Wannan zaɓi ya dace da gaskiyar lamarin, domin a cikin ƙwayar halittar da ta kamu, furotin ɗin bairos ɗin kan fara haɗuwa ne biyar-biyar, sannan rukuni 12 su rufe kwanson.

Ƙarfin samfurin yana wurin girgizawar. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibai cewa babu wani magini da ke ɗora waɗannan furotin ɗaya bayan ɗaya, suna gyaɗa kai, amma a fili yake cewa ba su gamsu ba. Da kwalbar ta shiga hannunsu, su da kansu suka gano cewa idan aka girgiza a hankali gutsattsarin kan manne a karkace su tsaya a haka, idan kuma aka girgiza da ƙarfin tsiya komai ya tarwatse. Tsakanin biyun akwai wani mataki inda haɗin da bai dace ba yake ɓallewa saboda maganaɗisu kaɗan ne ke riƙe da shi, shi kuwa wanda ya zauna daidai yana samun riƙo daga maƙwabta ta kowane gefe, sai ya jure. Haka abin yake a cikin ruwan ƙwayar halitta, inda zafi ke motsa furotin ba tsayawa, kuma raunin kowane haɗi shi ne ke ba da damar gyara kuskure kafin kwanson ya rufe. Ban taɓa samun zane a allo da ya isar da wannan ma'ana cikin sauri haka ba.

Sai dai takardar bayanin da ta zo da shi ta gaza ƙwarai, domin ba ta taɓo tambayar da kowane ɗalibi mai hankali zai yi ba: me ya sa wannan siffa? Amsar tana cikin hujjar da Francis Crick da James Watson suka gabatar a 1956, cewa kundin gadon ƙananan bairos ya yi ƙanƙanta da ya ɗauki bayanin babban furotin guda da zai lulluɓe shi, saboda haka dole a maimaita ƙaramin furotin sau da yawa. Tsarin ikosahedron yana ba da gurbi 60 masu kama da juna sak, kuma bairos ɗin shan-inna yana da kwafi 60 na kowanne daga furotin huɗu na kwansonsa. Malamin da bai san wannan ba zai ɗauki kwalbar tamkar abin wasa ne kawai.

Gibi na biyu ya fi girma, ko da yake ba laifin mai ƙerawa ba ne kacokan. Samfurin yana barin ɗalibi da zaton cewa kowane kwanso rukuni 12 ne kurum. A 1962 Donald Caspar da Aaron Klug suka nuna yadda ake samun manyan kwansuna: rukunan biyar-biyar suna nan 12 ba sa ƙaruwa, amma ana cusa rukunan shida-shida a tsakaninsu, inda furotin iri ɗaya yake zama a gurabe masu kusan kama da juna. Sun auna wannan da lambar T, wadda ke ɗaukar 1, 3, 4, 7 da sauransu, kuma jimillar furotin ita ce 60 sau T. Bairos ɗin tumatir da Stephen Harrison ya bayyana tsarinsa a 1978 yana da 180, galibin kwansunan bairos ɗin ciwon hanta nau'in B kuwa 240. Don cike wannan gibi nakan shigo aji da tsohuwar ƙwallon ƙafa mai faci baƙi da fari, domin facinta 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida sun yi daidai da tsarin T na 3. Haka nan kwalbar ba ta nuna zaren RNA, wato kundin gadon bairos ɗin, da ake ƙunshewa a ciki, kuma ba ta nuna furotin ɗin tallafi da manyan bairos irin na hafis (herpes, mai fito da ƙuraje a fata) suke buƙata kamar yadda magini ke buƙatar katakon tokare gini, a cire shi bayan an gama.

Dangane da ingancin ƙira, robar tana da ƙwari kuma ta jure hannun ɗalibai, amma maganaɗisu biyu sun fita daga guraben su a cikin wata na biyu. Mayar da su yana buƙatar kula, domin wanda na fara mannawa a juye ya sa gutsuren ya riƙa korar maƙwabcinsa, kwanson ya ƙi rufewa sai da na ɓamɓare shi. Farashin ma, idan aka haɗa da kuɗin aikowa, ya yi wa aljihun malami nauyi, don haka ya fi dacewa sashen kimiyya ya sayi guda ɗaya a riƙa karɓa-karɓa. Wanda zai saya ya tanadi gam mai ƙarfi tun farko, ya kuma sa wa kowane maganaɗisu alama a fuskarsa ta waje kafin ya miƙa wa aji.