Bulon Soso da Kankare ko Bulon Siminti: Abin da Mai Gina Gida Zai Auna Kafin Ya Zaɓa

Tsarin ginin da ake kira ICF (Insulated Concrete Forms, wato bulon soso da ake cika da kankare) ya samo asali ne daga ƙasashen sanyi, kuma an fi danganta shi da wani ɗan kwangila a Kanada mai suna Werner Gregori, wanda ya nemi rajistar fasaharsa a shekarar 1966. Ana jera bulo mara nauyi da aka yi da farin soso, irin wanda ake kare talabijin ko firji da shi a cikin kwali, kowane bulo yana da fuska biyu da aka haɗa da maƙalai na roba, tsakiyarsa kuwa rami ne. Bayan an jera bulon, sai a saka rodi a cikin ramin a zuba kankare, kuma ba a cire soson bayan kankaren ya kama, domin shi ne zai riƙa tare zafi da sanyi muddin gidan yana tsaye. Kamfanoni irin su Nudura da Fox Blocks da Amvic suna sayar da shi da kaurin kankare daga inci 4 zuwa inci 12, soson kowace fuska kuma yakan kai wajen inci biyu da rabi.

Wanda zai yi gini a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, yana da dalilin duba wannan tsari da kyau. Bangon bulon siminti mai inci 9 yana shan rana tun safe, sannan ya riƙa sako zafin cikin ɗaki bayan isha'i, abin da ke sa mutane fitowa tsakar gida su kwana. Bangon ICF yana rage shigar wannan zafi ƙwarai, kuma da yake kankaren a haɗe yake babu tsaga, iska mai zafi da ƙurar hunturu da ƙarar titi ba sa samun hanya cikin sauƙi. Sai dai soso ba ya samar da sanyi da kansa, riƙe wanda aka samar kawai yake yi. Saboda haka ribarsa ta fi fitowa a gidan da za a riƙa kunna na'urar sanyaya ɗaki, musamman idan da hasken rana ko janareta ake kunna ta, domin ƙaramar na'ura za ta wadatar. Idan kuwa an bar kwanon rufi babu abin tare zafi a saman silin, ko aka sa manyan tagogi suna kallon yamma, to an kashe kuɗin bango ne a banza, tunda a gida mara bene ta sama zafi ya fi shigowa.

A cikin ICF ɗin ma akwai bambanci. Wani nau'in yana ba da shimfiɗaɗɗen bangon kankare mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, wani kuma cikinsa gurbi-gurbi ne, kankaren yana fitowa kamar ginshiƙai da aka sarƙa da juna. Na biyun yana rage yawan siminti, amma na farkon nake ganin ya fi dacewa da wanda bai taɓa aiki da tsarin ba, domin injiniya zai yi masa lissafi kamar kowane bangon kankare mai rodi, kuma kankare ya fi sauka cikinsa ba tare da ya bar kogo ba.

Ranar zuba kankare ita ce ranar da aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Dole a tokare bangon da ƙarafa na musamman don ya tsaya tsaye, a yi kwaɓi mai ɗan ruwa-ruwa da ƙananan tsakuwa, a zuba da injin turo kankare kaɗan-kaɗan, kamar ƙafa huɗu a kowane zagaye, ana girgiza shi da inji don ya zauna. Idan aka yi gaggawa, soson yakan fashe daga ƙasa kankare ya malalo, idan kuma aka yi sakaci da girgizawa, kogon da ya rage yana ɓoye a bayan soso inda ido ba zai gan shi ba. Birkilan da ya ƙware a jera bulo ba lalle ne ya san wannan aiki ba, don haka kafin a tambayi farashi ya kamata a nemi ganin gidan da ma'aikatan suka taɓa zubawa, a yi magana da mai shi.

Akwai kuma gara, wadda ba ta cin soso amma tana haƙa hanya a cikinsa ta hau har katakon rufi ba a sani ba, shi ya sa ake buƙatar maganin gara a tushe da barin wani ɗan sashe na kankare a buɗe kusa da ƙasa don a riƙa dubawa. Soso yana narkewa da wuta, saboda haka wajibi ne a rufe shi daga ciki da allon jifsam ko filasta mai kauri, daga waje kuma yana buƙatar filastarsa ta musamman mai raga.

Bulon siminti ya fi ICF a wuri guda da bai kamata a raina ba. Yawancin mutanenmu suna gini ne a hankali, bana a kai linta, baɗi a yi rufi, gwargwadon yadda kuɗi ya samu. Bulo yana jure wannan jira, soso kuwa rana tana cinye fuskarsa ta mayar da ita gari idan ya daɗe a buɗe, kuma zubin kankarensa yana son kuɗi dunƙule a lokaci guda, ga shi sau da yawa daga waje ake shigo da kayan, farashinsu yana bin dala. Wanda zafi ne babbar damuwarsa amma aljihunsa bai kai ba, ya duba tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji tare da siminti kaɗan, domin kaurinsa yana jinkirta shigar zafi kuma ƙasar tana kusa, ko ya yi bulo na yau da kullum ya kashe rarar kuɗin a kan tare zafin rufi da faɗaɗa baranda don inuwa ta rufe bango. ICF ya dace da mai kuɗin kammala bango da filasta cikin 'yan watanni, wanda ya samu injiniya da ma'aikatan da suka taɓa yin sa, kuma ya san gidan zai dogara da na'urar sanyaya ɗaki shekara da shekaru.