GARGAƊI: Mai tallan mazaunin na'urar hangen taurari ya ci min N355,000

Jama'a, duk wanda ya ga ana tallan mazaunin na'urar hangen taurari, irin mai injin da ke bin sama da kansa, wai "an ɗan yi amfani da shi amma kamar sabo", daga wani da ya ce yana Abuja, kada ya tura ko sisi. Ɓarawo ne. Ni ya ci min N355,000. Dubu ɗari uku da hamsin da biyar. N310,000 kuɗin kaya, N45,000 kuma daga baya, zan zo kan wannan. Kuɗin da na daɗe ina tarawa daga aikin gyaran waya a nan Bauchi, ba gado na ci ba.

Tun jiya ake ta ce min "banza ba ta kai zomo kasuwa", wai arahar ce ta ruɗe ni. Wace araha? N310,000 ce araha? Kuma masu faɗin haka ba su san ma me na je saya ba, wani cewa ya yi ai kyamara ce. To ku saurara. Duniya tana juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56, wato sama tana gocewa digiri 15 duk awa. Idan ka ɗora kyamara mai gilashin milimita 200 a kan ƙafafu ka buɗe ta fiye da sakan biyu ko uku, taurarin ba za su fito ɗigo-ɗigo ba, sai dai su ja layi. Ni kuwa so nake in buɗe ta minti ɗaya, minti biyu, in kamo gajimaren da ke cikin rukunin taurarin Orion da Kaza da 'Ya'yanta yadda ya kamata. Ba ka samun haka sai da mazaunin da aka saita sandarsa da tauraron arewa, injinsa yana juyawa daidai da saurin sama. Abin da nake nema ke nan, kuma na san abin da nake nema.

Kafin wannan, da katako nake yi. Allo biyu da hinji, da kusoshi mai zare na milimita ɗaya a nisan milimita 228 daga hinjin, ina murɗa shi zagaye ɗaya duk minti da hannuna, ina kallon agogo, cikin sanyin hunturu a bayan gari ta hanyar Dass. Mutumin da ya zauna ya yi wannan lissafin ya kai wa kafinta, shi ne za a ce bai san abin da yake yi ba?

Abin da ke hana ni barci shi ne yadda mutumin nan ya san harkar. Wallahi ya san ta. Da na tambaye shi giyar ciki, bai yi jim ba ya ce haƙoranta 144 ne, don haka duk kusan minti goma kuskuren bin yakan maimaita kansa, tauraro ya ɗan yi gaba ya ɗan yi baya. Daidai ne, haka abin yake. Ya ce yana da ramin ST-4 na haɗa ƙaramar kyamarar jagora, ya turo min hoton zanen PHD2, manhajar da ke lura da yadda mazauni ke bin tauraro, layin shuɗi da ja sun kwanta lumui, kuskuren bai kai sakan ɗaya na kusurwa ba. Wane ɗan damfara ne ya san PHD2? Ku gaya min. Na yi zaton mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan muka damu da wannan abin, sai na ji kamar na gamu da ɗan'uwa.

Kuma na gwada shi, wannan ne nake so masu dariya su ji. A hoton farko da ya turo, na ƙara girmansa na duba ma'aunin da ke gefen mazaunin, wanda ake saitawa daidai da digirin nisan garinka daga tsakiyar duniya, sai na ga allurar tana wajen 52. Mu a Bauchi muna kan digiri 10 da 'yan kai ne, Abuja ma wajen 9, tauraron arewa can ƙasa yake dab da doron ƙasa, idan hazo ya sauko ma ba ka ganinsa sam. Wanda ke amfani da mazauni a ƙasar nan ba zai bar shi a 52 ba. Na tambaye shi kai tsaye. Ya yi dariya a saƙon murya, har yanzu ina jin dariyar nan, ya ce, "Kai Malam, lallai ka san aikinka. Ai yayana ne ya ɗauki hoton a Ingila kafin ya taho min da shi." Ingila kuwa tana wajen nan ne, Landan 51 da rabi. Amsar ta zauna daram. Har ya ƙara da cewa idan na sauke shi zuwa digiri 10 in lura, ƙarfen nauyin da ke daidaita shi yana iya bugun ƙafa, in juya kan yadda sandar za ta faɗa tsakanin ƙafafu biyu. Wannan matsala ce ta gaske da mu na kusa da tsakiyar duniya muke fama da ita, Bature a ƙasarsa bai san ta ba. "Lallai ka san aikinka." Ina ta juya maganar nan a raina. A nan na yarda da shi, daidai nan, ina zaune a shago da wayar wani a buɗe a gabana. Na ajiye ta na tura N310,000.

A'a, kafin nan ma na nemi kiran bidiyo. Ya ce yana wurin aiki, da dare zai kira. Da daren ya turo bidiyo na sakan goma sha wani abu, fitila ja tana ƙyaftawa, ana jin ƙarar injin siririya, hannu kawai ake gani. Sannan ya ce wani daga Legas yana so, amma ya fi son ya sayar wa ɗan Arewa wanda ya san darajar abin. Washegari ne na tura, ba ranar ba. Ko dai ranar ce da yamma? Rasit yana nan dai, zan sa shi ku gani da lokacinsa.

Kwali ya iso tasha ranar Laraba. Ya yi nauyi, har na ji daɗi da na ɗaga shi, domin mazaunin kirki ƙarfe ne. Ban iya jira in kai gida ba, a nan gefen rumfar masu lodi na yanka salatif ɗin. Ƙafafun kyamara ne na roba, irin wanda masu ɗaukar bidiyo da waya ke saya, ɗaya ma maƙallinta a karye. Babu inji, babu giya, babu ma'auni, babu komai. A ƙasan kwalin kuma bulo ne rabi, an naɗe shi da tsohuwar jarida da leda baƙa. Bulo. Yaran tasha suna tsaye a kaina suna kallo, ɗaya ya ce, "Oga, gini za ka yi?"

Na kira shi nan take, kuma ya ɗauka! Wannan ne ya sake ɗaure min kai, ɓarawo ai kashe waya yake yi. Ya yi ta salati, ya ce yaronsa ne ya yi masa haka, ya musanya kwalin a hanya, amma an kama shi, kayan suna hannu. Ya ce wannan karon ba zai ba motar haya ba, kamfanin aika kaya zai ba mai inshora, N45,000, idan ya iso zai mayar min da rabi. "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, amana ce tsakaninmu." Mutumin da N310,000 ɗinsa ke hannun wani, me kuke so ya yi? Ya ce a bar su saboda N45,000? Kowa a cikinku zai tura, kada wanda ya yi min ƙarya. Na tura. Asusun ma daban ne da na farko, sunan mace, ya ce matarsa ce.

Daga nan shiru. Saƙo ba ya shiga, hoton kansa ya ɓace, lambar a kashe. Tallar ma an goge, amma na riga na ɗauki hotonta. Wani abokina ya saka hoton mazaunin a Google Lens, manhajar binciken hoto, sai ga shi a wani shafin Turawa na sayar da tsofaffin kaya, teburi ɗaya, labule ɗaya, allura a 52. Babu wani yaya. Zanen PHD2 ɗin ma na wani ne.

Na je banki na cike takarda, sun ce kuɗin sun bar asusun tun ranar. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, sun rubuta. N355,000. Ga watan Disamba ya kama, Orion yana fitowa tun da farkon dare, lokacin da na yi wa tanadin nan ke nan.

Kada ku biya sai kun ga kaya a kiran bidiyo kai tsaye, ya kunna shi, ya rubuta sunanku a takarda ya ajiye a gefe. Ku binciki hoton. Idan asusu ya canza, ku tsaya. Sanin harka ba shaida ba ce.

Hotunan hirarmu, rasit biyu, saƙon muryar da hoton bulon duk zan sa su da dare idan na rufe shago, sai na rufe lambobin da bai kamata a gani ba. Duk wanda ya taɓa jin muryar nan ya yi min magana ta akwati, na tabbata ba ni kaɗai ya yi wa ba. Shi kuma Allah ya isa, ban yafe ba. Kai kuma da ka turo kana tambaya ko zan sayar da ƙafafun robar, don Allah ka fita harkata.